Ƙeyar Sa'adu

A Dakoro, idan ana zancen mace mai kara, sunan Halimatu ake fara kawowa. Tun ranar da ta haifi ɗanta na fari, Sa'adu, ba wanda ya taɓa jin sunan nan ya fito daga bakinta, ba kuma wanda zai ce ya ga ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa a gaban mutane. Kowace uwa tana kunyar ɗan fari, haka aka taso aka tarar, amma Halimatu ta kai abin inda ko tsofaffi sai sun jinjina kai. In ta dama fura, sai ta miƙa wa ƙanwarsa Shafa'atu ta ce, "Kai ma wancan." In ya durƙusa ya gaishe ta da safe, turmi take kallo ta amsa. Mata kan ce wa 'ya'yansu su dubi Halimatu su koyi kunya, ita kuwa yabon yana yi mata daɗi, babu amfanin ɓoyewa.

Abin da matan ba su sani ba shi ne Halimatu ɓarauniya ce, kallo take sata. Da zarar Sa'adu ya juya zai fita, sai ta ɗago kai ta bi shi da ido har ya wuce ƙofar gida. Ta haka ta san bayan ɗanta fiye da yadda wata uwa ta san fuskar nata. Ta san kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, ta san yadda yake jefa ƙafa in yana fushi, ta kuma san tabon da ke ƙeyarsa. Yana shekara bakwai ya faɗo daga kan jaki a bakin rijiya, ƙeyar ta fashe, jini ya wanke masa wuya. Halimatu tana tsaye a wurin da igiyar guga a hannu, mata sun fi ashirin. Ba ta motsa ba. Kakarsa ce ta zo ta ɗauke shi, ita kuwa ta ƙarasa jan ruwanta, ta damƙe igiyar har ta saɓule mata fatar tafin hannu.

Shekarar da Nasaran Faransa suka shiga yaƙi da Jamus, aka zo ɗibar soja, aka ɗebi Sa'adu da abokinsa Abarci rana ɗaya. Da ya shigo sallama, gidan cike yake da maƙwabta. Halimatu tana shiƙar gero, ba ta tsaya ba, ta ce da faifan da ke hannunta, "Allah shi kiyaye hanya." Sai da ya juya ta ɗago. Ta ga ƙeya, ta ga tabo, ta ga kafaɗar nan, shi ke nan.

Bayan yaƙi Abarci ya dawo da muƙamin sarjan, da ɗingishi, da lambar girma a ƙirji, aka ba shi aikin tafinta a bariki. Sa'adu bai dawo ba, ya tsaya can Faransa yana aikin dako a bakin teku. Halimatu ba ta taɓa tambayar Abarci lafiyar ɗanta ba. Sai dai in ya zo gaishe ta, ta ce, "Ƙasar can, an ce akwai sanyi?" Shi kuma ya gane, ya zauna ya ba ta labarin abokinsa yana kallon bango. Haka aka tafi shekara goma sha biyar, har ranar da takarda ta zo bariki cewa tari ya kashe Sa'adu a wani asibiti, an binne shi a can.

A zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta, aka kuma yaba. Kukanta a daji ta yi shi, wajen itace. A can ne kuma ta gano abin da ya fi mutuwar yi mata ciwo. Ta rufe ido don ta ga fuskarsa, fuskar ta ƙi zuwa. Fuskar jariri mai shan nono tana nan, amma ta saurayin da ya tafi babu ita, don ba ta taɓa ajiye ta ba. Duk yadda ta yi, ƙeya ce ke zuwa. Shekara biyu tana fama da wannan ita kaɗai, ga shi abu ne da ba shi faɗuwa.

Ana nan sai aka kawo sabon kumandan, yaro ne ɗanye shakaf, mai yawan murmushi, wanda yake son kowa ya san shi ba irin na da ba ne. Yana gaida tsofaffi da Hausar da ya haddace, yana shafa kan yara a hanya, yana yawo da ɗan littafi yana rubuta duk abin da ya ba shi mamaki. A cikin takardun bariki ya ci karo da labarin cewa wani ɗan Dakoro ya taɓa fitowa a silima a Faransa. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya rubuta Maraɗi, ya roƙa a sa fim ɗin cikin kamyon, babbar motar nan da ke zagaya garuruwa tana nuna wa talakawa yadda ake lamba da yadda ake feshin fara.

Abarci ne ya kawo mata labarin, da hantsi, tana tsince wake.

"Inna, Nasara za su kawo wani abu, silima sunanshi. Wancan naki shina ciki."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. "Ba kai kac ce mani ya rasu ba?"

"Ya rasu, Inna. Amma kahin shi rasu sunka ɗauki hotonshi, shina tahiya, shina magana. Wasa ne sunka yi, irin wanda yaran lakkol, 'yan makaranta, ka yi, kowa a ba shi abin da zai zama. Ana haska shi bisa farin zane, ki gane shi ƙato, kamar ki taɓa."

Ta yi tambaya ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. "Cikin haske aka kallo, ko cikin duhu?"

"Cikin duhu. In ba duhu ba ya fita."

Halimatu ta ci gaba da tsintar wakenta. Duhu! Za ta shige can baya cikin mata, ta ja mayafi, ba mai ganin inda idonta yake. Za ta kalle shi ta ƙoshi, ta ɗauke fuskar nan ta adana, ko washegari aka ce ta mutu ba ta da kaico. Kwana ukun da suka rage kullum sai ta sa kwalli safe da yamma, don an ce yana wanke ido. Shafa'atu ta lura, ta yi kamar ba ta lura ba.

Damina ce, kullum da marece hadari yake haɗuwa, don haka aka ce a mangaza, ƙaton ɗakin ajiyar gero na bariki, za a yi, bayan la'asar. Mangazar ba komai a ciki sai warin tsohon hatsi da kashin ɓera. Aka toshe tagogi da tabarmi, aka rataye farin zane a bango, aka jera kujeru huɗu a gaba na Nasara, benci biyu a bayansu na ma'aikata, sannan aka ɗaure igiya daga wannan bango zuwa wancan. Bayan igiyar, kowa ya nemi ƙasa ya zauna. Mai injin silimar wani Bazabarme ne daga Yamai, Hama, mutum mai furfura da ƙarancin magana. Garin kaf ya zo, har da mutanen Rumbu da Buzayen Azagor da kasuwa ta kawo. Halimatu ta sami lungunta a can ƙarshe, ta jingina da bango, ta gode wa Allah.

Sai kumandan ya miƙe ya yi jawabi, Abarci yana fassarawa. Ya ce wannan wasa labarin wani baƙin mutum ne da ya sauka a wani ƙaramin gari na Faransa, mutanen garin suka ƙi shi don launin fatarsa. Ya ce abin kunya ne, kuma Faransa ƙasa ce da ba ta tsoron nuna abin kunyarta. Ya faɗi haka yana tsaye a gaban igiya, jama'a suna zaune a bayanta. Sannan ya ce yana da labarin uwar jarumin tana nan, kuma yau ba za ta zauna a ƙasa ba.

Abarci ya yi jim kafin ya fassara wannan. Ya ce wa kumandan wani abu da Faransanci, kumandan ya yi dariya ya kaɗa hannu. Gardi, dogarin bariki, ya ratsa cikin jama'a yana kira, "Ina uwar Sa'adu? Ina uwar Sa'adu?" Hannuwa suka yi ta nuna lungun.

Haka aka ɗaga mata igiya ta sunkuya ta wuce. Aka zaunar da ita a ɗaya daga kujerun Nasara, kumandan a dama, madam ɗinsa a hagu, ƙafafunta ba su ko kai ƙasa sosai ba. Aka rufe ƙofa, injin ya ɗauka, haske ya faɗa kan zanen. Sai hasken ya dawo ya zuba a kan na gaba, ya fito da ita fes, ita da farin mayafinta. Duhun da ta kwana uku tana jira ya tsaya can bayan igiya, wajen masu sa'a. A bayanta ta ji wata tana raɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, yau muna ganin karar Halimatu."

Da farko gidaje ne suka fito, da wata hanya, da wata mata mai ɗauke da burodi. Wannan ta kalla. Sai mangazar ta ɗauka gaba ɗaya, "Ga shi nan! Wallahi Sa'adu ne!" Kafin ta yi tunani, wuyanta ya riga ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da bakwai. Kanta ya sunkuya, idonta ya sauka a kan yatsun ƙafarta.

Ta ce a ranta, bari su gaji da kallona, sai in ɗago. Kafin nan ko muryarsa ta ishe ni. Ta kasa kunne. Mutumin da ke kan zanen ya buɗe baki ya yi magana, sai ta ji wata 'yar siririyar murya mai rawa, irin ta yaron da aka kama da laifi. Sa'adu muryarsa kauri gare ta, kuma yakan ɗan tsaya kafin ya fara magana, kamar mai neman izini. Wannan ba shi ba ne. Daga baya ne Abarci ya gaya mata Nasara sun cire muryar sun sa ta wani, don a ganinsu Faransancin Sa'adu ya yi kyau da yawa, ba wanda zai yarda baƙo ne.

Abarci yana tsaye a gefen zanen yana ba da labari da ƙarfi. Ga shi ya sauka garin, ya sami aiki wajen mai niƙa. Ga shi ya gaida mutane a dandali, ba wanda ya amsa. Ga shi ya shiga shago ya nemi ruwa, matar ta ba shi. Sai aka ji tas, wani abu ya fashe. Abarci ya ce, "Ta fasa kofin da yas sha da shi." Jama'a suka ce, "Ashsha!" Wani wuri kuma Nasaran cikin wasan su yi ta magana, Abarci ya yi shiru, sai a ce, "Mi sunka ce, Sarjan?" ya ce, "Ba su ce komi ba."

Mutanen bayan igiya kuwa ba su bar ta ta huta ba. "Kai, ya yi jiki!" "Dubi tsagar Gobir nan, ba ta ɓace ba." "Shina dariya, ku dubi wushiryarshi!" Halimatu ta ji abin ya soke ta. Ashe yana da wushirya. Ta haife shi, ta goye shi, ta yi shekara ashirin tana dafa abin da zai ci, amma sai yau take ji a bakin mutane cewa yana da wushirya, don bai taɓa yin dariya suna fuskantar juna ba.

Madam ta lura tsohuwar ba ta kallo. Ta taɓa mata hannu, ta nuna zanen, tana maimaita wata kalma. Da ta ga ba ta ɗago ba, ta sa yatsu a haɓarta za ta ɗaga mata kai, da kyakkyawar niyya, irin yadda ake yi wa yaro mai ƙin magani. Halimatu ta ƙanƙame wuya. Duk taɓawar da madam ta yi, sai ƙarin idanu su bar zanen su dawo kanta.

Duk da haka zuciyarta ta fara rinjayarta. Ta ce, Halimatu, wa ya rage miki da za ki yi wa kara? Wanda ake kunya ya mutu. Su faɗi abin da za su faɗi. Ta fara ɗago kai a hankali, har ta ga gindin zanen, har ta ga takalmansa a kan duwatsun hanya. Sai fim ɗin ya tsinke. Zanen ya koma fari fat, injin yana ta juyawa a banza, jama'a suka yi ihu. Hama ya kunna fitila ya duƙa yana gyara da almakashi.

A cikin wannan hasken ne tsohuwa Dela, maƙwabciyarta, ta ɗaga murya. "Ku shaida, jama'a! Tun da anka fara, Halimatu ba ta ɗaga kai ba ko sau guda. Wagga ita ce ɗiyar mutunci. Irinsu sun ƙare!" Mata suka amsa, wata har da guɗa. Wani dattijo ya ce Allah ya yi mata albarka. Halimatu ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a wuya. Dela ba ta nufe ta da sharri ba, ita dai ta faɗi abin da aka saba faɗa ne.

Injin ya sake ɗauka. Yanzu labarin ya ɓaci. Rumbun wani manomi ya ƙone, aka ce baƙon ne. Abarci muryarsa ta dushe, yana faɗa a gajarce. Sun taru a dandali. Sun ɗauko karnuka. Ya fita ta bayan gari, shina gudu. Halimatu tana jin haushin karnuka, da takun ƙafafu, da numfashin mutum mai gudu. Wannan numfashin kam ba su canza shi ba, ko kuwa ita ce ta ga dama ta yarda nasa ne. Ta san wasa ne, ta san tari ne ya kashe ɗanta a kan gado, amma jikinta bai san haka ba. Da bindiga ta tashi, ba ta san lokacin da kanta ya ɗago ba.

Yana kwance rub da ciki a bakin wani rafi, can nesa, ƙafafun Nasara sun kewaye shi. Fuskarsa tana cikin ciyawa. Ta ƙura ido, tana roƙon Allah wani a cikinsu ya birkito shi. Ba wanda ya taɓa shi. Wani yaro ya zo da gudu yana faɗin wani abu, Abarci ya ce, "An gano ba shi ne yas sa wutar ba." Nasaran suka cire huluna. Sai rubutu ya hau zanen, aka buɗe ƙofa, hasken marece ya shigo.

Kumandan yana share ido da hankici, madam kuwa kuka take yi sosai. Ya juyo ya dubi Halimatu, ya ga idonta a bushe, kwallinta ko gocewa bai yi ba. Murmushinsa ya tafi. Ya faɗa wa matarsa wata gajeriyar magana, ya ɗaga kafaɗa. Halimatu ba ta jin Faransanci, amma ta ga yadda Abarci ya dubi ƙasa.

A hanyar gida mata suka yi ta yi mata barka, kamar wadda ta ci wata gasa. Sai da suka rage ta tsayar da Abarci a gindin wata bedi, itacen nan dogon yaro.

"Mi yac ce?"

"Ba komi, Inna."

"Ni ba jama'ar mangaza ba ce. Mi yac ce?"

Abarci ya sauya ƙafa, ya gyara hula. "Ya ce ya ba ki wurin da yaf fi kowane, ko kallo ba ki yi ba. Ya ce wai mu ba mu jin zahin ɗiyanmu kamar yadda su ka ji."

Ta gyaɗa kai kawai. Maganar ta yi mata zafi, amma ba ta da lokacin zafin. Ta ce, "Abarci, ina son a sake haska shi. Ni ɗaya. A rufe ƙofa, ko kai kar ka shiga." Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, tana kallon bedin. "Ban san fuskarshi ba."

Abarci, wanda ya ga abin da ya gani a yaƙi bai yi kuka ba, ya juya mata baya ya daɗe yana fyace hanci.

Washegari tun da sassafe tana bariki, cikin masu jiran ganin kumandan a gindin itace. Kusa da randar ƙofar ofis akwai gwangwani a rataye jikin ƙusa, na baƙaƙe, kofin gilashi kuwa yana ciki kan tebur. Masu jira suna sha suna mayarwa, wani ma yana ba da labarin matar da ta fasa kofi jiya, yana cewa Nasaran can ba su da imani. Abarci ya shiga. Ta taga tana hango shi yana magana da hannu biyu, ya nuna ido, ya nuna ƙasa, ya dafa ƙirji. Ta ga kumandan ya jawo ɗan littafinsa yana rubutu da sauri, fuskarsa ta washe.

Da Abarci ya fito, tun daga tafiyarsa ta gane.

"Na gaya mashi komi, Inna. Na gaya mashi kunyar ɗan fari. Ya ce al'ada ce mai ban sha'awa, bai taɓa jin irinta ba, har ya rubuta. Ya tambaye ni ko Buzaye ma suna yi."

"Silimar fa?"

"Ya ce ba shi yiwuwa. Ba a tada inji don mutum guda. Kuma kamyo yanzu zai tashi, kahin ruwa shi cika Gulbin Kaba su kasa ƙetarewa." Ya ƙara da cewa, "Ya ce in gaishe ki ƙwarai."

Ta ce, "Ina amsawa."

Kamyon yana bayan mangaza, ana ɗaure masa tamfol. Halimatu ta je ta tsaya nesa kaɗan, tana kallon wasu faya-fayan gwangwanaye da Hama yake jerawa cikin akwati. Ɗanta yana cikin ɗaya daga cikinsu, a naɗe. Ba ta roƙi kowa ba, ta dai tsaya. Hama ya dube ta, ya dubi Abarci, suka yi magana a hankali. Sai ya laluba aljihun rigarsa, ya zo ya rage tsawo a gabanta.

"Baba," ya ce da Hausarsa ta Zabarmawa, "jiya da abin ya tsinke, na yanke inda ya lalace. Ba a so mu ba kowa, amma wannan shara ne. Hoto huɗu ne ciki. Ban duba da kyau ba, amma wurin nan shi kaɗai ne, ba Nasara. Ki ɗaga ma rana, za ki gani."

Wani ɗan baƙin abu ne mai santsi, tsawonsa bai fi yatsa ba, da ƙananan huji a gefe da gefe. Ta karɓa da hannu biyu. Ta yi masa addu'a har kamyon ya tashi, ta ƙulle abin a bakin zanenta, ta kama hanya.

Ba gida ta nufa ba. Gida akwai Dela, akwai masu shigowa barka. Ta bi ta bayan gari zuwa gonarsu, inda gero ya fi mutum tsawo. Shafa'atu tana bakin gonar tana cirar yakuwa, ta ce, "Inna, lahiya?" Halimatu ta ce za ta duba wake ne, ta kutsa ciki. Ta yi tafiya har ta daina jin motsin kowa, ta dubi gabas ta dubi yamma, sannan ta zauna a kan kunya ta kwance ƙullin. Sai da ta yi bisimilla sau uku.

Ta ɗaga shi sama, ta rufe ido ɗaya. Da farko ba ta ga komai ba sai duhu-duhu. Ta matso da shi, ta nisanta, har hoton ya zauna. Hanya ce ta dutse, gidaje a dama da hagu, duk ƙofofinsu a rufe. A tsakiyar hanyar ga mutum ɗaya, bai fi ƙwayar gero ba, yana tafiya. Ya ba ta baya.

Ta duba na biyu, ta duba na uku, ta duba na huɗu. Duk ɗaya ne, ƙafar ce kawai take ɗan ɗagawa. Ba ta buƙaci kowa ya ce mata shi ne ba. Ga kafaɗar dama ta sauka, ga yadda yake jefa ƙafa in ransa ya ɓaci. Tabon ya yi ƙanƙanta da ido zai gani, amma ta san daidai inda yake.

Sai wata dabara ta faɗo mata, har ta ji sanyi a ranta. In ta nan bayansa ne, ai ta can gabansa ne. Ta juya abin a hankali, ta sake ɗaga wa rana. Yana nan yadda yake, yana tafiya, ya ba ta baya. Kafaɗar ce kawai ta koma hagu. Ta sake juyawa, ta kifa shi, ta miƙar da shi, ta yi duk yadda za ta yi.

Ta sauke hannu, iska tana kaɗa ganyen gero a kanta. Sannan ta sake ɗaga shi, ta buɗe baki. Sunan ya yi mata nauyi a harshe, ya fito a karkace, kamar ba da Hausa ba.

"Sa'adu."

Ta jira. Ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, yadda uwa take kiran ɗa in ya yi nisa.

"Sa'adu! Waiwayo, ɗana. Ba kowa. Ni ɗaya ce."

A bakin gona Shafa'atu ta miƙe da yakuwa a hannu. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin wannan suna da wannan murya ba, sai da aka sake kira ta gane. Ta yi taku biyu za ta shiga, ta tsaya. Can a kan hanya ta hango Dela tafe da ƙwarya a ka, ta nufo gonar. Shafa'atu ta share ido da bakin zane, ta juya wa geron baya, ta fita da sauri ta tarye ta tun daga nesa, tana gaishe ta da babbar murya, tana tambayarta kwanan jikoki ɗaya bayan ɗaya.